Na ba ƙwararriya aikin tsara allon wasana da katunansa: ga yadda muka kaya

Kusan shekara biyu na yi ina haɗa wani wasa a kan fataucin goro na zamanin da, irin ayarin da ke tashi daga Kano, ya ƙetare kogin Kwara wajen Yauri, ya bi ta Nikki da Yendi har ya sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Kowane ɗan wasa madugu ne, zai ɗauki kanwa da tufafi ya dawo da goro kafin ya lalace. Allon da katunan ni na tsara su a wata manhajar waya, na buga a kwali, ina ganin shi ke nan.

Amma duk daren da muka baje shi a majalisa bayan isha'i, sai in koma tafinta. Wannan ya ɗaga kati ya ce me ake nufi, wancan ya ce bai ga zango ba. Akwai abokinmu da kullum yake rikita katin ja da kore, muna ɗauka rashin kula ne, ashe idonsa ne ba ya rarrabe su.

Ƙanwata ce ta haɗa ni da wata mai tsara zane a kwamfuta. Abin da ya fara burge ni, ba ta taɓa kwamfutar ba sai da ta zauna aka yi wasan sau biyu a gabanta, tana rubuta duk tambayar da aka yi. Da aka tashi ta ce, "Malam, rabin tambayoyin nan katin ne ya kamata ya amsa su, ba kai ba."

Farashin kaya da na sa a tsakiyar kati ta mayar da shi kusurwar sama ta hagu, domin idan mutum ya riƙe katuna shida a hannu kamar mafici, wurin kaɗai ke fitowa. Kowane launi ta haɗa masa siffarsa, kamar yadda katin Whot yake da tauraro da da'ira da kuros. Tun daga nan abokin nan namu bai sake kuskure ba. Sai kuma batun da ya fi damuna, wato haruffanmu masu lanƙwasa. Salon rubutun da na zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai su fito sirara daban da sauran, kamar an yi musu faci. Ta nemo wanda ya ƙunshe su duka, ta buga gwaji, muka karanta shi da fitilar waya tunda da daddare ake wasan.

A wurinta na san cewa fuskar waya da haske take haɗa launi, injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu, shi ya sa shuɗina mai ƙyalli yake fitowa a dushe. Ta bar rarar milimita 3 a kowane gefe don kada wuƙar yanka ta bar farin layi, ta kuma daidaita katunan a kan milimita 63 da 88, girman da maɗaba'u suka saba yankawa.

Ba duka ne ya yi mini daɗi ba. A zanen farko na murfin kwalin, raƙuma ta jera, alhali ayarin Gwanja da jakuna da takarkari aka san shi. Sai da na zauna na yi mata bayani. Ta kuma wuce lokacin da ta ɗiba da kusan mako uku. Kuɗin ma ba kaɗan ba ne, kuma na ƙara wa kaina da na canja wata doka bayan ta gama katuna ashirin, dole aka sake su. Wanda zai bi wannan hanya ya tabbata dokokinsa sun zauna tukuna, ya kuma nemi a ba shi ainihin fayil ɗin da za a iya gyarawa, ba hoto kawai ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa wa 'ya'yan yayana sabon kwalin da takardar dokoki, na shiga ciki wurin Hajiya. Fiye da awa ɗaya ina jiyo gardamarsu a zaure kan wanda goronsa ya lalace a Yendi, babu wanda ya leƙo ya kira ni.