Sabon firjin tirela ya yi, amma masu haɗa shi sun ɓata mini rai

Duk mai ƙaramar tirelar yada zango, irin ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a ja, ya san firjin da ke zuwa da ita bai taka kara ya karya ba. Namu lita 60 ne, har da ɗan akwatin ƙanƙarar da ke sama wanda da ƙyar hannu ke shiga. Mu huɗu ne, ni da maiɗakina da yara biyu. In aka jera ruwan sha da madara, nama ya rasa wuri. In aka sa nama, sai a koma sayen ƙanƙara ana zubawa a kula, kafin yamma ta narke komai ya jiƙe. Shi ya sa na sa aka cire shi aka kawo mai lita 130, mai ƙofa biyu, wanda ke aiki da kwamfireso, wato injin sanyi irin na firjin gida, a kan batir mai bolt 12.

Ta fannin sanyi ba ni da abin cewa sai yabo. Tsohon irin mai gas ne, ba shi da inji, zafi ne ke dafa amoniya da ruwa a cikin bututu har sanyi ya fito. Tsohuwar fasaha ce da wasu ɗalibai biyu suka ƙirƙiro a Suwidin tun 1922, kuma ina girmama ta domin ko ƙwaƙƙwaran motsi ba ka ji. Sai dai dole ka kunna shi tun daren jajibirin tafiya, dole tirelar ta tsaya daidai ba karkata, kuma da rana ta take sai ya yi laƙwas, ruwan da ke ciki ya koma ɗumi-ɗumi. Sabon kuwa kafin mu gama loda kaya ya ɗauki sanyi. Firizarsa na kaiwa digiri 18 ƙasa da sifili, babban ɓangaren na zama a kan digiri 4, ko a gangare muka tsaya bai damu ba. Ranar da maiɗakina ta tura tukunya sukutum da murfinta ƙofar ta rufu, farin cikin da na gani a fuskarta ya isa.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

A fitarmu ta farko da shi, muka sauka a wurin da babu wutar jonawa, batir kawai. Da rana lafiya lau, domin faifan sola na ciyar da batirin. Cikin dare sai na ji wani ƙas, injin ya yi kamar zai tashi, ya yi ɗan gurnani, ya mutu. Bayan ɗan lokaci ya sake. Haka ya kwana yana yi, ɗan jan fitilar da ke jikinsa na ƙiftawa. Da asuba na buɗe firiza na tarar nama ya saki, ruwansa ya gangaro har ƙasa ya shiga ƙarƙashin shimfiɗar daɓen. Naman bai dame ni ba kamar maganin ruwa na ƙaramar 'yarmu, wanda likita ya ja kunne cewa a ajiye shi a sanyi bayan an haɗa. Na taɓa kwalbar na ji ta kamar ba a firji ta kwana ba. Muna nesa da gari, yarinya na tari, uwarta ta yi jugum tana kallona. Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai. Na kashe kuɗi ne don hankalina ya kwanta a kan irin wannan, sai ga shi tsohon da na raina bai taɓa yi mini haka ba.

Na kira shagon da suka sayar mini suka kuma haɗa. Wanda ya ɗauka bai bari na kai aya ba ya ce, “Yallaɓai, batirinka ne ya mutu, ka zo mu sa maka na litiyam.” Na ce masa batirin bai daɗe ba, kuma fitilu da famfon ruwa duk suna aiki. Ya ce shi dai abin da ya sani ke nan. Ko tambayar sau nawa fitilar ke ƙiftawa bai yi ba, alhali ita ce ke faɗin ciwon.

Wani dattijo da ya yada zango kusa da mu ne ya ga ina ta kai da kawowa, ya zo da mitarsa ta awon wuta. Ya ɗora a kan batir, ta nuna bolt 12.3. Ya ce, “Yaro, batirinka lafiyarsa ƙalau, ja mini firjin waje.” Muka kwance kusoshi muka zaro shi, ya ɗora mitar a bayansa, ya ce in zuba ido lokacin da injin zai tashi. Ina kallo lambar ta rikito ƙasa da 10.4, nan take injin ya ɗauke. Na ce, “Baba, ina sauran wutar ta tafi?” Ya kamo wata siririyar waya ya nuna mini. Tsohon firji na da wayoyin bolt 12 kashi biyu: mai kauri, wadda ba ta kawo wuta sai motar da ke ja tana aiki, da siririya wadda aikinta ɗan ƙwan ciki da ƙyasta gas kawai. A kan siririyar suka jona kwamfireso. Lokacin tashi injin na jan wuta da ƙarfi, ita kuma wayar, ga sirantaka ga tsawo, sai ta shanye ta a hanya, kamar a ce za a tura ruwan babban famfo ta tsinken shan lemo. Firjin na ganin wutar ta yi ƙasa sai ya ɗauka batir ne zai ƙare, ya kashe kansa don ya kare shi. Da rana sola na ɗaga ƙarfin batirin har ya rufe aibin, dare na yi asiri ya tonu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, takardar bayanin firjin na maƙale a bayansa cikin ledarta, ba a ko yage ta ba. Dattijon ya buɗe ya nuna mini jadawalin ƙarara: a bolt 12, waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ba ta wuce mita 2.5, mai 4 ba ta wuce mita 4, mai 6 ba ta wuce mita 6, kuma a ja ta kai tsaye daga batir da fiyus mai amfiya 15 kusa da shi. Tsakanin batirinmu da firji ya kusa mita 5 in aka bi lungunan da wayar ke bi. Mutanen da sana'arsu ke nan, a ce shafi ɗaya ya gagare su dubawa! Mun katse tafiyar muka koma neman wani maganin. Daga baya na samu mai wayarin na kirki ya ja sabuwa mai kaurin 6, kuma tun daga ranar injin bai sake yin wannan ƙas ɗin ba. Firjin ba shi da laifi ko kaɗan, wannan hakkinsa ne in faɗa.

Sai dai da hankali ya dawo na fara ganin abin da ba a gaya mini ba a shago. Yana shan wuta. In injin na juyawa yana jan amfiya 4 zuwa 5, yana yi yana hutawa, amma a ranar zafi, ga yara na buɗe ƙofa kowane lokaci, hutun kaɗan ne. Batirin dalma, irin wanda aka saba da shi, rabin cajinsa kawai ake so ka ci in kana son ya yi ƙarko, don haka in hadari ya rufe rana yini guda, da daddare idona na kan mita. Tsohon kuwa silinda ɗaya ta gas na riƙe shi makonni, ko rana ta fito ko ba ta fito ba. Wanda ke yawan sauka inda babu wuta ya sa a ransa cewa ba firji kaɗai zai saya ba, ƙarin sola ko babban batir na biye. Da an faɗa mini wannan tun farko da na ji daɗi, maimakon a jira sai na kira cikin tashin hankali a mayar da shi ciniki.

Wurin ma ya ci. Sai da aka cire ƙofofinsa kafin ya shige ta ƙofar tirela, kafinta ya yanke durowar cokula da rabin kabad ɗin da ke sama. Gadon yara na jikinsa, kuma babban yaron mai saurin farkawa ne, ya ɗan jima kafin ya saba da gurnanin injin. Wannan duk na yarda da shi, ciniki ne, na ba da durowa na karɓi sanyi.

Wanda ban yarda da shi ba shi ne bututun gas. Ranar da mai wayarin ya zaro firjin, ya kira ni ya nuna mini bakin bututun tsohon firji a buɗe, ba toshi ba murfi. Makunnin kawai suka murɗa suka tafi. Makunnin nan yana cikin kabad ɗin da muke tura tukwane, inda hannun yaro ke kaiwa, a ɗakin da mu huɗu ke kwana ƙofa a rufe. Jikina ya yi sanyi da na gani. A ranar na kai wa mai aikin gas ya ɗaura masa murfin ƙarfe, ya shafa ruwan sabulu ya tabbatar ba ya tsiyaya. Na tura wa shagon hoton wayar da na bututun, na ce ba kuɗi nake nema ba, su dai binciki sauran tirelolin da yaronsu mai haɗawa ya taɓa. An buɗe saƙon, har yau ba amsa.