SSD na SATA ko NVMe: Wanne Ya Fi Saurin Loda Wasa?

SSD ma'ajin fayilolin kwamfuta ne marar faifai mai juyawa, SATA da NVMe kuma hanyoyi biyu ne na haɗa shi da kwamfuta. A takarda tazarar gudunsu tana da yawa. SSD na SATA yana karanta kusan megabait 550 a daƙiƙa, NVMe na PCIe 3.0 (ƙarni na uku na layin da yake bi) yana kaiwa 3,500, na 4.0 kuwa har 7,000.

Amma wajen loda wasa, bambancin sau da yawa bai wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu ba, domin furosesa ce ke warware matsattsun fayilolin wasan kafin su shiga RAM, wato ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta, kuma a nan ake jira. Babban sauyi yana wurin wanda ya bar faifan HDD mai juyawa, ko wanne ya koma a cikin biyun.

SATA yana shiga kusan kowace kwamfutar tebur, da wayar bayanai da ta wuta. NVMe sai da ramin M.2, wani ƙaramin rami a kan babban allon kwamfuta (motherboard), kuma a duba littafin babban allo tukuna: wasu ramukan SATA kawai suke karɓa. Idan NVMe ya yi zafi yana rage gudu, don haka a sa masa ƙarfen sanyaya.

Idan ramin yana nan, NVMe ya fi. Adadin hotuna a daƙiƙa dai aikin katin hoto ne da furosesa.