Katin A501: batirin ganga ko CR2032?

Malam, ka tambaya wane batiri za ka sa wa katin A501 da ke cikin tsohuwar kwamfutarka Amiga 500, na ganga mai caji ko CR2032, batiri mai kama da kwabo. Tunda har koren aman batiri ya fito a jikin katin, ka ciro batirin yau, kada ka jira sai ka sayo wani. Agogo kaɗai yake riƙewa. Ƙwaƙwalwar 512 KB da katin ke ƙara wa injin ba ruwanta da shi, ko babu batiri za ta yi aikinta.

Tawa Amigar gado ce, kawuna ya zo da ita daga Ingila, ta yi shekaru a cikin adaka a nan Ringim. Da na buɗe murfin ƙarƙashinta na tarar gangar batirin nan ta kamfanin Varta mai 3.6V ta yi amai, ruwan ya fara cin layukan jan ƙarfe. Ruwan nan kamar kanwa yake, shi ya sa tsami ke kashe shi. Na wanke da ruwan khal da tsohon burushin goge baki, na bi da sifirit, na shanya a inuwa. Sai wani mai gyaran rediyo a kasuwarmu ya liƙa mini gidan CR2032 da dalma, ya sa dayod ɗaya a tsakani, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Ranar da na kashe Amigar, na kunna washegari bayan asuba na ga kwanan wata daidai, wallahi sai da na kira yara su zo su gani. Har yau agogon bai ɓace ba. In batirin ya mutu kuma, da farce zan ɓalle shi in sa wani.

Dayod ɗin nan fa dole ne. Katin yana tura caji, shi kuwa CR2032 ba a cajinsa, in aka matsa masa zai iya kumbura ko ya fashe. Gefen dayod ɗin da ke da zobe ya kalli katin, ba batirin ba.

Sabuwar ganga mai caji, to, tana zama daidai a ramukan tsohuwar, iyakar abin da zan faɗa mata ke nan. Na taɓa saye na yi da-na-sani. Sai injin na kunne take caji, a garin da wuta ba ta zama, ga zafin bazara. Ita ma wata rana aman za ta yi.

Ka yi hattara da masu shago in ka shiga Kano. Wani zai miƙo maka CR2025 ya rantse duk ɗaya ne, alhali ya fi siriri, kaurinsa milimita 2.5 maimakon 3.2, sai ya riƙa rawa a gidansa. Wani kuma ragowar da ya ciro daga matattun kwamfutoci zai goge ya sayar maka. Ka ce a ɗora a mita a gabanka, sabo yana ɗan haura 3V.

Ka sayi CR2032 guda biyu, da gidansa, da dayod 1N5817. Ka turo hoton bayan katin in ka wanke, mu ga ko akwai layin da ya katse.