Karen farauta a Legas: na Arewa, na waje ko na gida?

Wanda ya taso a Katsina ko Sakkwato, in aka ce karen farauta, siririn nan mai dogayen ƙafafu da lafaffen ciki yake tunawa, wanda zai hango zomo a fako ya cim masa. Wannan da ido yake aiki. Dajin Epe, Ikorodu da Badagry kuwa sarƙaƙiya ce da fadama da gonakin rogo, taku goma ba ka gani a gabanka. Gyazbi da gafiya ba sa fitowa fili tsere, kurɗawa suke yi. Hanci ake nema a nan. Don haka ɗan Agege ko Mile 12 da ke shirin sa a ɗoro masa kare a motar shanu, gara ya riƙe kuɗinsa.

Cikin na waje, Beagle ne kawai ya cancanci a tsaya a kansa, don bin sawun zomo aka raine shi a Ingila. Sai dai ga tsada, ga kunnuwansa masu faɗowa da laimar Legas ke yawan sa wa ciwo. German Shepherd da Boerboel na gadi ne.

Ni dai na gida nake zaɓa, mai gajeren gashi da kunne a tsaye, irin wanda mafarautan Yarbawa ke rataya wa ƙararrawa don su san inda ya nufa a duhuwa. Ya saba da zafi, abin da aka ci shi yake ci. Amma a hannun mafarauci za ka saya, ka ga uwarsa tana aiki tukuna. Ɗaga leɓensa: dasashi fari alamar ƙarancin jini ce. Duba kaska a cikin kunne da tsakanin yatsu. Kwikwiyo mai ƙaton ciki da siraran ƙafafu tsutsa ke cinsa. Allurar haukan kare daga wata 3 take, kuma a maimaita duk shekara.

Ka kuma horar da shi ya dawo da kira ɗaya, don ba duk naman daji ne na kamu ba. Dokar Najeriya ta 1985 kan kiyaye dabbobi masu ƙarewa ta hana taɓa ɗankunya, dabbar nan mai ɓawo a jiki da ke dunƙulewa in ta ji tsoro. Mai son ganin birai kawai, ya je Lekki Conservation Centre da aka buɗe a 1990, ya bar karen a gida.