Kyamarar babur: a haɓar hular kwano ko a jikin mashin?

Kusan shekara biyu ke nan ina hawa babur da kyamara, kuma a tsawon wannan lokaci iri uku ne suka shiga hannuna: wata 'yar arha marar suna da na saya a kasuwar 'yan waya, da DJI Osmo Action 4 wadda nake maƙalawa a haɓar hular kwano, da kuma wata mai idanu biyu da ake jonawa da batirin babur ta zauna a jikinsa dindindin. Abin da na lura shi ne, mai saye yakan ƙare ƙarfinsa wajen tambayar ko kyamara tana ɗaukar 4K, wato hoto mai yawan ƙwayoyi da ke fita tas, ko abin da ya fi haka, alhali abubuwa biyu da ke raba gardama su ne inda za a ɗaura ta da inda za ta riƙa samun wuta.

Da kan babur na fara, domin nan ne hankali ke fara kaiwa, ga shi kuma maƙalin da ake ɗaurawa kusa da madubi ba shi da tsada. Babur ɗina mai silinda ɗaya ne, kamar yawancin waɗanda ke kan titunanmu, irin su Bajaj Boxer da Haojue da TVS, kuma irin wannan inji yana da jijjigar da hannu ke sabawa da ita har ya daina ji, amma kyamara ba ta sabawa. Da na dawo daga tafiyar farko na buɗe abin da 'yar arhar nan ta ɗauka, sai na ga turakun lantarki suna lanƙwashewa suna miƙewa kamar ana kallonsu a cikin ruwan randa da aka motsa, lambar motar da ke gabana kuwa ta ƙi karantuwa ko da na tsayar da hoton cak. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Waɗannan kyamarori ba sa kama hoto gaba ɗaya a lokaci guda, layi-layi suke karanta shi daga sama zuwa ƙasa, saboda haka idan jiki yana rawa da sauri, kowane layi yakan faɗo a wurin da ya ɗan kauce wa na samansa. Wanda ke tunanin ya huta da sayen kyamara ya ɗaura wayarsa a nan, ya sani cewa a watan Satumba na 2021 kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi cewa jijjigar injin babur mai ƙarfi tana iya lalata na'urar da ke daidaita hoto a kyamarar iPhone, ya kuma shawarci masu ƙananan babura da su yi amfani da maƙali mai rage jijjiga. Waya ta fi kyamara tsada, gyaranta ma ya fi ciwo.

Da na mayar da kyamara kan hular kwano, rabin matsalar ta kau tun kafin in sauya na'ura, domin jikin mahayi, daga ƙugu zuwa kafaɗa zuwa wuya, yana shanye jijjigar inji kafin ta iso kai. Ƙari a kan haka, kyamarar tana duba duk inda mutum ya duba. Idan mota ta fito daga lungu ta gefen dama, kai yana juyawa ba tare da shawara ba, hoton kuma ya bi shi, wanda kyamarar da ke kafe a jikin babur ba za ta yi ba. Sai dai hular kanta wurare uku gare ta, kuma ba ɗaya suke ba. A tsakar ka ana samun hoto mai faɗi, amma nan iska ta fi samun abin kamawa. Ƙarfin da iska ke tura abu da shi yana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu, don haka abin da ba a ji a cikin gari, a kan babbar hanya yakan riƙa fizgar hula baya har igiyar ta shaƙe maƙogwaro. A gefen kunne nauyi yana rinjayar ɓangare ɗaya, wuya ya gaji kafin a yi nisa, kuma gefen hular yana cinye wani yanki na hoton. Haɓa ce ta fi dacewa: tana tsakiya, tana ƙasa da ido kaɗan, tana nuna hanya da kan babur da agogon gudu a tare, kamar yadda mahayin yake gani. Sharaɗinta ɗaya ne, wato sai da hula mai rufe fuska gaba ɗaya. Mai buɗaɗɗiyar hula sai dai ya koma ga ɗamarar ƙirji, wadda ba ta da laifi a babur da ake zama a miƙe, ko da yake ba ta juyawa da kai.

Osmo Action 4, wadda kamfanin DJI na birnin Shenzhen a ƙasar Sin ya fitar a watan Agusta na 2023 a kan dala 399, nauyinta giram 145 ne, kuma a haɓa wuya yana mantawa da ita bayan 'yan mintuna. Abin da ya fi burge ni a cikinta ba hoto ba ne, maƙalinta ne mai maganaɗisu da ƙugiya biyu. Idan na tsaya shan mai ko zan shiga masallaci, da yatsu biyu nake matsa gefensa in cire ta in jefa aljihu, idan na dawo kuma in kusantar da ita kawai, ta kama da kanta in ji ƙas. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rana yana kwance noti da safar hannu ya san darajar wannan. Tana shiga ruwa har zurfin mita 18 ba tare da wani gida ba, saboda haka ruwan damina ba abin damuwa ba ne, kuma faifan da ke karɓar haske a cikinta ya fi na kishiyarta, kyamarar GoPro HERO12 Black, girma, abin da ke taimaka mata idan magariba ta kawo jiki. Ita HERO12, wadda ta fito wata guda bayanta a kan farashi ɗaya, ta fi ta yawan ƙwayoyin hoto, domin tana kaiwa 5.3K, kuma da rana tsaka hotonta abin kallo ne. Amma kamfanin ya cire mata GPS, wato na'urar gane inda mutum yake, sai a HERO13 ta 2024 ya dawo da shi, wanda ke son saurin gudunsa da wurin da yake su fito a jikin bidiyo ya lura da wannan. Akwai kuma Insta360 X4, mai ɗaukar kowane ɓangare a lokaci guda, gaba da baya da gefe, daga baya mutum ya zaɓi inda yake son kallo. Dabara ce mai ban sha'awa ga mai shirya bidiyon tafiya, sai dai nauyinta ya haura giram 200, doguwa ce, gilasanta biyu a bulluƙe suke suna jiran tsakuwa, kuma kowane hoto sai an zauna an tace shi. Ba na ba wa mai zirga-zirgar yau da kullum shawarar ta.

Inda duk kyamarorin hula suke gazawa shi ne wuta. DJI ta rubuta cewa batirin Action 4 yana kai minti 160, amma wannan ƙiyasi ne da aka yi a kan 1080p, wato hoton da bai kai 4K yawan ƙwayoyi ba, da allo a kashe, kuma babu mai hawa babur a haka. Wanda ya kunna 4K ya sa ran abin da bai kai wannan ba sosai, ya kuma tanadi batiri na biyu ko ya ja waya daga abin caji a aljihun riga, da sanin cewa buɗe murfin caji yana buɗe wa ruwa da ƙura ƙofa. Ga kuma zafi. Iyakar da kamfanin ya ƙayyade mata ita ce digiri 45, alhali a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri zafin inuwa ma yana haura 40, balle baƙin ƙarfe da rana ke duka kai tsaye. Muddin ana tafiya iska tana sanyaya ta. Haɗarin yana cikin cunkoso, inda babur ke tsaye kyamara tana aiki, kuma kowace irin wannan na'ura an yi ta ne ta kashe kanta idan ta yi zafi fiye da kima. Rage ta zuwa 1080p ko 2.7K a lokacin bazara ya fi amfani fiye da yadda ake zato.

A nan ne kyamarar da ake jonawa da babur take da hujjarta. Irin su Innovv K3 da Viofo MT1 idanu biyu gare su, ɗaya a ƙarƙashin fitilar gaba, ɗaya a saman lamba, kowanne yana ɗaukar 1080p, sannan akwatin ajiyar yana ɓoye a ƙarƙashin kujera. Da an murɗa makulli suke farawa, da an kashe su tsaya, idan kati ya cika kuma su shafe mafi tsufa su ci gaba. Ba a cajin su, ba a mantawa da su a gida, ba a tuna danna komai. Hotonsu bai kai na kyamarar hula kyau ba, amma suna ganin baya, kuma mai babur ya san cewa wanda ya buge shi ta baya shi ne ya fi saurin cewa birki aka taka masa ba zato. Ga mai kai saƙo ko mai ɗaukar fasinja, wanda ke wuni a kan titi kuma buƙatarsa shaida ce idan an kai gaban jami'an kiyaye haɗurra ko 'yan sanda, wannan ita ce kyamarar da ta dace, domin wadda batirinta ya ƙare da azahar ba za ta yi wa kowa shaidar abin da ya faru da la'asar ba.

Sai dai haɗa ta yana son hannu mai sani. Wayoyi uku take da su: ja zuwa batiri, baƙa zuwa jikin ƙarfe, rawaya kuma zuwa layin da ba ya samun wuta sai an buɗe makulli. Mai gyaran wayar da na kai wa tawa ya ga abin ya yi masa yawa, ya murɗe ja da rawaya wuri ɗaya ya naɗe da salatif, ya ce mini, "Alhaji, ai duk wuta ce." Na kwana biyu ban hau ba, ranar da na tashi fita na danna sitata ko tari babur bai yi ba, domin kyamarar ta kwana biyu tana ɗaukar bangon zaure. Batirin ƙananan babura ɗan mitsitsi ne, ba ya jure irin wannan. Ko da an haɗa daidai, ina ganin gara a kashe tsarin gadin da ke sa ta farka idan an taɓa babur a ajiye, sai fa in kullum ana hawa. A tabbata kuma an sa fiyus a jar wayar, an kuma ɗaure idon gaba a wurin da ba ya rawa, da ɗan roba a ƙarƙashinsa.

Game da lafiyar kai, magana ɗaya ce ba ta da sassauci: ba a huda hular kwano don a ɗaura kyamara. Ƙwaryar waje aikinta ta raba ƙarfin bugu ta kuma zame a kan kwalta, rami yana raunana ta, noti kuma yana iya zama abin da zai shiga kai. Dokar hula ta Amurka ma ba ta yarda wani abu mai tauri ya ɓullo daga jikin hula fiye da milimita 5 ba, wanda ke nuna yadda masu gwaji ke kallon duk abin da zai iya kama ƙasa ya murɗe wuya. Abin da ya fi shi ne maƙali mai gam ko mai ɗamara, wanda zai ɓalle ya bar hular idan an faɗi. Gam ɗin ya zama na ƙwarai, irin 3M VHB, a goge wurin tas, a danna sosai, a bar shi awa 24 kafin a ɗora masa nauyi. Wanda ya zo da 'yar arhata bai san da bazara ba. Wata rana ina tsaye a danja na ji abu ya sauka a cinyata, na duba sai ga kyamara da maƙalinta, gam ɗin ya narke yana ja kamar ƙaro. Tun daga ranar nake ƙara ɗan siririn zare tsakanin kyamara da hula.

Katin ajiya shi ne abin da ake rainawa, shi ne kuma yake yawan kunyata mutane. Hoton 4K yana iya cin kimanin gigabait 45 a awa guda, kuma yana buƙatar kati mai alamar V30, wato wanda ba ya rubuta ƙasa da megabait 30 a daƙiƙa. Kyamarar da ke shafewa tana sake rubutawa kullum kuwa tana son kati mai juriya, irin SanDisk High Endurance ko Samsung PRO Endurance. Jabu sun cika kasuwa, a jiki an rubuta gigabait 128 alhali cikinsa bai kai rabin haka ba, kuma ba a ganewa sai ranar da aka nemi hoton aka tarar ba ya buɗuwa. A cika sabon kati da bidiyo har ƙarshe a gwada kafin a dogara da shi.

Da dare kada a sa rai da yawa ga ko wacce daga cikinsu, domin hasken fitila yana wanke lambar mota ta koma fari fat. Dabarar da na koya ita ce, idan wani abu ya faru in karanta lambar da ƙarfi, makirfo ya kama muryata ko da ido bai kama ba, kuma a nan ma haɓa ta fi, tunda tana dab da baki. A lokacin hunturu ƙura tana kwanciya a gilashi cikin ɗan lokaci, sai a riƙa hurawa kafin a goge, don shafa ta a bushe da bakin riga yana karce shi. Gilashin Action 4 da na HERO12 duka ana kwancewa a sauya, wanda ya fi sayen sabuwar kyamara sauƙi nesa ba kusa ba. A shingen sojoji ko kusa da bariki kuma, ni dai cirewa nake yi in sa aljihu tun daga nesa.

Da za a ce in zaɓi ɗaya tak, Osmo Action 4 a haɓa zan riƙe, saboda tafiyata ba ta wuce awa guda zuwa biyu a rana, ina kuma son hoton da zan iya zama in kalla, ga shi ba na barin komai a jikin babur idan na ajiye shi a bakin kasuwa. Ƙanina da ke kai kaya daga safe zuwa dare kuwa, mai idanu biyun na ba shi, bayan na tsaya a kan mai haɗawar har ya nuna mini da fitilar gwaji cewa rawayar waya ba ta kawo wuta sai an murɗa makulli.