Wata takwas da faffaɗar taya a baya: abin da na gani

Motata mai jan baya ce, BMW 3 Series tsohon yayi, da taya 225/45 R17 take a duk ƙafa huɗu (225 faɗin tayar ne a milimita, tsayin gefenta 45 cikin ɗari na faɗin, 17 kuma girman rim a inci). Wata takwas da suka wuce na sa 255/40 R17 a baya, na canza rim ɗin bayan daga inci 8 zuwa 8.5, gaba kuma na bar shi yadda yake. Gaskiya ba lissafi ne ya kai ni ba, kwalliya ce, na ga wata ta gifta ni bayanta ya cika dam sai raina ya biya.

Amfanin dai akwai shi. Da can in na fito daga kwana na taka totur da ƙarfi a giya ta biyu sai bayan motar ya ɗan yi wutsiya, fitilar santsi ta hau ƙyaftawa a dashbod tana rage min wuta, yanzu kam sai ta dafe ƙasa ta wuce abinta. Da ma dalilin kenan, in mota ta zabura nauyi baya yake komawa, kuma tayoyin baya su ke tura ta. Shi ya sa Porsche 911 da injinta ke can baya take zuwa da tayar baya da ta fi ta gaba faɗi nesa ba kusa ba. Amma ita an gina ta ne a haka tun daga kamfani.

To sai dai abin da ba wanda ya gaya min, riƙon da baya ya samu gaba ne ya biya kuɗinsa. In na shiga kwana da ɗan gudu, na murɗa sitiyari, sai in ji hancin motar na neman miƙewa, dole in saki totur kafin ta yarda ta juya. Ba haɗari ba ne sosai, wasu ma za su ce ya fi aminci, amma ɗan rawar kan nan da take da shi ya ragu, ni kuma shi nake so a motar.

Ranar da aka tafka ruwa na gane sauran. Na taka wani ruwa da ya kwanta a titi, gudun ma ba wani mai yawa ba, sai na ji bayan ya yi sakayau kamar kwalekwale na ɗan daƙiƙa, wallahi sai da gabana ya faɗi. Taya mai faɗi ruwan da za ta kore ya fi yawa, in zanenta ya fara cinyewa kuwa sai a hankali.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ba halin juya tayoyi, na gaba su koma baya na baya su dawo gaba, tunda girman ba ɗaya ba. Na baya sun riga sun fara suɗewa ta ciki, na gaba kamar jiya aka sa su, ga na bayan kuma sun fi tsada. Mai ya ɗan ƙaru, ƙarar titi ma haka, waɗannan ban damu da su ba.

Makanikina ya yi min gata ɗaya, ya hana ni sa 255/45, ya ce tsayin tayar zai wuce na gaba ya rikita ABS (na'urar da ke hana taya ƙullewa in an taka birki) da mitar gudu. Da 255/40 kuwa tsayin gefen ya yi daidai da na gaba, don 45 cikin ɗari na 225 da 40 cikin ɗari na 255 kusan ɗaya ne, milimita 101 da 102. Masu fo-wil su suka fi buƙatar kula da wannan, bambancin tsayi na iya cinye musu giya. Masu jan gaba kuwa, faffaɗar taya a baya ado ne kawai.

In waɗannan suka ƙare ina ganin 245 zan sa duk huɗun, in rim ya yarda.