Anton Paar MCP 150: tana gane levofloxacin, amma ba ta ganin ƙaramin gauraye

Ofloxacin da levofloxacin magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne, kuma sinadarinsu yana da siffofi biyu, R da S, tamkar hannun dama da na hagu. Ofloxacin gauraye ne na siffofin biyu, rabi da rabi, levofloxacin kuwa siffar S ce zalla. Na'urar UV, mai auna yawan hasken da magani ke sha, ba ta bambance su, shi ya sa ɗakin gwajin magani ke buƙatar folarimita, wato na'urar auna yadda samfur ke karkatar da haske, irin wannan ta kamfanin Anton Paar na Ostiriya.

Tana aiki da haske mai tsawon zango nanomita (nm) 589, kuma da kanta take riƙe zafin samfur a digiri 20. A ɗakin da zafi ke kai 40 a watan Afrilu, wannan ba ƙaramin alheri ba ne, don karkatar haske tana sauyawa da zafi.

Ana narkar da miligiram 5 na garin maganin a kowace mililita ta methanol, a cika bututu mai tsawon milimita 100. Amma a fara da methanol zalla a daidaita sifili. Levofloxacin na gaskiya yana karkatar da haske hagu da wajen rabin digiri, ofloxacin kuwa sifili zai ba ka. Rabin digiri ɗin nan shi ne dalilin sayenta: tsohuwar folarimita ta leƙawa da ido kuskurenta kaɗai yana iya cinye kashi goma cikin ɗari na wannan adadi, wannan kuwa tana nuna har digiri 0.001.

Kumfa ɗaya a bututu ta isa lambobi su yi ta rawa. Methanol yana tashi da sauri, idan an bar kwalba a buɗe ruwan ya ƙara kauri, sakamako ya haura. Ƙwayar magani kuma ba a auna ta kai tsaye, domin lactose da sauran sukari su ma suna karkatar da haske. A tace ruwan samfur tukuna da matata mai ƙofofin maikromita 0.45.

Inda ta gaza: idan siffar R ta kai kashi 1 cikin 100, karkatar za ta ragu da kashi 2 kacal, kuma sakamakon zai zauna lafiya cikin iyakar da aka yarda. Gano wannan aikin HPLC ne, na'urar rarrabe sinadarai, mai bututun raba siffofi. Haske ɗaya tak gare ta, don haka maganin da ake aunawa a 365 nm ba nata ba ne. A haɗa mata UPS, batirin riƙe wuta idan an ɗauke, kafin a kunna ta.